Karsanar da Ba a Tsaga wa Kunne Ba

A rugar marigayi Amidu, can bayan garin Tamale inda kwalta ta ƙare jar ƙasa ta karɓa, kowace saniya tana ɗauke da shaidar mai ita a kunne. Shanun gida kunnen hagu ake tsaga musu. Na mutanen gari da suka kawo amanar kiwo, kowa da irin tasa tsagar a kunnen dama. Karsana ɗaya ce tak, fara sol in ka hango ta daga nesa, take yawo da kunnuwanta yadda Allah ya halicce su. A kanta aka sa ranar zama.

Asalin maganar ba ɓoyayye ba ne. A daminar da Amidu ya kwanta ciwon ajali, shanu biyu suka haihu kusa da juna, duka maruƙan mata, duka farare. Ɗaya uwar ta Afra ce, 'yar Kadijatu, wadda kakanta Amidu ya ba ta ranar suna kamar yadda ake yi wa kowane jariri a gidan, don ya tashi da abin kansa. Ɗayar kuma ta Masta Godfred ce, malamin makaranta mutumin kudu, wanda ya daɗe yana ajiye shanu a hannun tsohon. Tsohon bai samu ƙarfin riƙe wuƙa ya tsaga kunnuwa ba. Da rani ya shigo ɗaya daga cikin maruƙan ta mutu, shi ma bai daɗe ba ya bi. Daga baya saniyar Afra ta ci wani abu a fadama ta kumbura ta faɗi, Masta kuma ya sayar da tasa. Aka bar karsana ba uwa, ba shaida.

Yanzu Masta ya yi ritaya, zai koma garinsu, yana tattara abin da ya mallaka. Ya ce tsohon ya taɓa gaya masa cewa tasa ce ta rayu. Abdulshakur, yayan Kadijatu, wanda a wancan lokacin yana Kumasi yana dillancin shanu, ya ce mahaifinsu mutum ne mai kunyar baƙo, zai iya faɗin haka don kada ya ɓata wa mutum rai. Wanda kowa ya sani yana wurin sa'ad da shanun suka haihu, kuma yana raye, mutum ɗaya ne: Kadijatu. In karsanar ba ta Afra ba ce, to yarinyar ba ta da ko kofato a garken kakanta.

Matsalar ita ce Kadijatu ba ta da wannan daminar.

Tana da wadda ta gabace ta, tana da wadda ta biyo baya. A wannan shekarar ne ciwonta na ƙwaƙwalwa ya ɗaga ta sama fiye da kowane lokaci. An ce ba ta barci. An ce takan wanke ƙwaryar da ta riga ta wanke har ta tsage, ta ɗauki nono ta bi gida-gida tana rabawa daga unguwar Moshi Zongo har Sabonjida, ta tsaya tsakiyar titi tana ba wa babura hannu. Duk an ce ne. Daga nan ciwon ya sauke ta, ta yi watanni a ɗaka tana kallon jikin bukka. Da ta miƙe, sai ta tarar wurin da daminar take zaune a kanta ya zama kamar fadama bayan an sheƙa ruwa: ruwa shimfiɗe ko'ina, 'yan tuddai nan da can, ba hanya tsakaninsu. Wasu tuddan ma ta san ba na gaskiya ba ne. Tana tuna wata ya sauko ya sha ruwa a kwatarniyar shanu. Tana tuna wani bijimi ya kira ta da sunan da mahaifiyarta kaɗai take kiranta da shi. Tunda waɗannan suna nan daram, da launinsu da ƙamshinsu, sai ta daina yarda da sauran.

Ko yanzu da take lafiya tana shan maganinta, abin bai dawo duka ba. Hannunta bai manta komai ba, tatsa ce, kaɗa nono ne, dafa cukun wagashi ne. Amma in aka ba ta saƙon baki, kafin ta kai bakin titi rabi ya zube. Sunan mutum yakan zo mata har ƙofa ya ƙi shigowa.

Ranar zaman, da hantsi, Abdulshakur ya same ta tana wanke ƙorai a bayan bukka. Ya tsuguna, ya yi mata magana da Fulatanci a hankali, irin yadda ake yi wa mai ciwon kai. Ya ce ba wanda yake neman ta tuna komai. Mai irin ciwonta ba a kama shi da abin da ya faɗa. Abin da ake so kawai ta ce ta Afra ce, ta tsaya nan, kada ta ƙara.

"In na ce na tuna, Hamma, ƙarya na yi."

"In kin ce ba ki tuna ba, yau karsanar za ta kwana a mota. Sai ki zaɓa."

Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya tafi. Karsanar tana ɗaure a gindin ɗorawa, an hana ta fita kiwo. Cikinta na fari ya fara nunawa.

Kadijatu ta fi sanin matar Masta a kan Masta. Ita da Madam Esinam benci ɗaya suke zama a asibiti, sashen ƙwaƙwalwa, ranar karɓar magani. Sunan ciwonsu ɗaya ne a bakin likita, baifola, ƙwayoyinsu ma iri ɗaya, farare. Amma Madam ba ta taɓa rasa komai ba. Za ta gaya miki zanin da kika ɗaura bara, da abin da nas ta ce, da wanda ya yi tari a bayan layi. Nata abin daban ne, nauyi ne. In aka tambaye ta abu takan yi shiru har a ɗauka ba ta ji ba, sannan amsa ta iso, cikakkiya, bayan hira ta bar wurin. Shi ya raba ta da ajin da take koyarwa, don yara ba sa jira. Akwai kuma Fatawu a bencin, direban yelo-yelo, irin keken nan mai ƙafa uku da ya cika gari. Shi in ya warware ba abin da ciwon yake bar masa, yana tuƙi yana hira yana kauce wa awaki duk lokaci guda.

Kadijatu ta taɓa tambayar nas Mashudatu ko ita ce ba ta shan maganin daidai. Nas ta ce a'a. Suna ɗaya ne, amma abin da ciwon yake bari a bayansa ba ɗaya ba ne: wani ya fita tas, wani tunaninsa ya yi nauyi, wani ya riƙa zubar da abin da aka gaya masa, kuma ba wanda ya zaɓi nasa. Kafin Kadijatu ta fita ƙofar asibiti kalmomin sun tafi. Madam ce ta maimaita mata su a zuwa na gaba, ɗaya bayan ɗaya, har da wurin da nas ta tsaya ta amsa waya.

Bayan azahar suka iso, Masta a gaba, Madam a baya tana ɗaga ƙafa daga taɓo. Motar da za ta kwashi shanun ta tsaya can bakin kwalta, don hanyar ruga ta jiƙe. Aka shimfiɗa tabarma a gindin kaɗanya. Tun da safe aka kira wani dattijo daga rugar maƙwabta ya zama shaida. Hadari ya haɗu ta gabas ya tsaya, bai sauko ba, bai watse ba, hasken rana ya yi laushi kamar an tace shi da mayafi.

Masta bai zo da faɗa ba. Ya kawo burodi da sukari, ya yabi marigayi, ya ce shekara da shekaru bai taɓa neman ganin shanunsa da ido ba in tsohon ya ce suna lafiya. Shanunsa masu tsaga an riga an ware su, ba gardama. Saura karsana. Dattijon ya juya ga Kadijatu, ya tambaye ta a gaban Allah, wace uwa ce ta haifi wadda ta rayu.

Ta dubi yayanta. Ta dubi tabarma. Ta ce ba ta tuna ba.

Abdulshakur ya sauke numfashi ta hanci ya kau da kai. Masta kuwa sai ya yi murmushi irin na malamin da ya gane dabarar ɗalibi. Ya yi magana da Hausarsa ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Kadi, ka yi haƙuri. Madam nawa ga shi nan. Ciwo ɗaya, magani ɗaya, asibiti ɗaya. Shi bai manta komi ba, har abin da na faɗi ranar aure yana tuna mini. Yaya kai kaɗai ka manta, kuma daidai wurin saniya?"

Abdulshakur ya ce ai su masu wannan ciwon duk haka suke, ba a gina magana a kansu. Masta ya ce shi yana kwana gida ɗaya da mai wannan ciwon, kuma a kanta ya gina gidansa. Suka ɗan ja. Kowannensu yana da mutum ɗaya da ya sani, kuma da shi yake auna sauran.

Kadijatu ta ɗago ta dubi Masta. Ta ce ba ta ɓoye komai ba. Akwai abu ɗaya da take gani game da haihuwar saniya, amma na ciwo ne, shi ya sa ba ta kawo shi ba. Dattijon ya ce ta kawo shi a haka.

Ta faɗa idonta a kan ganyen kaɗanya. Ruwa yana sauka da rana tsaka, rana kuma tana haske, kowane ɗigo da ɗan haskensa. Saniya tana kwance cikin doguwar ciyawa. Ita tana durƙushe a bayanta, hannunta cikin ɗumi har gwiwar hannu. Ta wajen kan saniyar akwai wata mace tsaye ba takalmi, riƙe da laima ruwan ɗorawa, ta rufa wa saniyar ita kuma ruwa yana dukanta, tana waƙa da wani harshe da ba na ƙasar nan ba. Ba ta ganin fuskar macen, ba ta ganin kan saniyar, laimar ta rufe su duka. Ta ce wace mace ce za ta shigo daji ta yi wa saniya laima? Shi ya sa ta ajiye wannan tare da watan da ya sha ruwa.

Ba wanda ya yi dariya. Abdulshakur ya buɗe hannu, alamar kun dai ji. Dattijon ya ce tunda ba shaida, sai a bi abin da aka saba: karsana ta zauna a ruga da sunan yarinya, abin da ke cikinta in ya faɗo ya zama na Masta. Masta ya ɓata fuska, ya ce shi da zai tafi kudu wa zai riƙa zuwa duba maraƙi, amma ana gani ya fara saukowa. Har an shiga maganar wanda zai karɓar masa.

"Ni ce mai laimar," in ji Madam.

Suka juyo. Tun da Kadijatu ta gama take zaune hannu a kan cinya, sai yanzu amsar ta iso.

Ta ba da labarin a jere, ba gaggawa, ba tsallake. Ranar Talata ce. Tana tsakiyar darasi ta ji a ranta an aiko ta ta je ta sa wa shanunsu albarka, ta ajiye alli ta fita, ta bar yara da buɗaɗɗen baki. Ta hau yelo-yelo, ta bar takalmanta a ciki. Ita ma a lokacin nata ciwon yana sama. Ranar ce Masta ya karaɗe gari yana nemanta, daga coci zuwa tasha, kuma har yau ba ta taɓa gaya masa inda ta je ba. Waƙar ta coci ce, da harshensu na Ewe. Laimar ta wata malama ce, ba ta mayar ba. Ta ce duk tana tunawa, ba abin da ya ɓace mata ko ɗan kaɗan, da yadda mutane suka riƙa kallonta a hanyar dawowa, kuma da za a ba ta zaɓi da ta ajiye wasu.

Sannan ta dubi Kadijatu. Ta ce duk shekarun nan da suke zama a benci ɗaya ta ɗauka Kadi tana sane, ta yi shiru ne don ta rufa mata asiri, kuma kullum tana gode mata a zuci.

Masta ya cire tabaronsa ya goge, ya mayar. Dattijon ya tambayi Madam ko za ta iya siffanta saniyar. Aka jira. Ta ce ƙahonta na hagu ya lanƙwaso ƙasa har ya kusa taɓa ido, da shi ta riƙe ta. Maraƙin kuwa ba ta kalla ba, tana tsoron jini.

Kowa a wurin ya san mai lanƙwasasshen ƙaho. Ta Masta ce.

Abdulshakur ya yi sauri ya ce wannan ya nuna saniyar Masta ta haihu, kuma ba wanda ya taɓa musun haka. Bai nuna wace maraƙa ce ta rayu ba. Dattijon ya ce gaskiya ne. Masta ma bai ja ba, hankalinsa yana kan matarsa. Magana ta koma inda aka bar ta, karsana a ruga, maraƙi na Masta.

Kadijatu ba ta jin su sosai. Tudun da ta daɗe tana kewaye shi ya zama ƙasa mai ɗaukar ƙafa, ta hau, ta tsaya. Ruwan na gaskiya ne. Laimar ta gaskiya ce. To in haka ne, sauran abin da ke kan tudun ma na gaskiya ne, kuma akwai abin da ba ta faɗa ba don ba a kai wurin ba. Da maraƙar ta sulluɓo, ta ciro ciyawa ta goge mata hanci, ta juya ta. A ƙasan ƙirji, tsakanin ƙafafun gaba, akwai baƙin tabo kamar tafin hannun jariri. Ta tuna ta ɗora nata tafin a kai, ya rufe shi.

Ba ta buƙatar tashi ta duba. Duk safiya daga nan take cire wa karsanar kaska.

Ta yi tunanin Afra, wadda take zaune wajen gwaggonta a Moshi Zongo saboda makaranta, take zuwa hutu da kanwa ƙulle a bakin gyale, ta wuce kowa ta nufi gindin ɗorawa wajen karsanar. Ba wanda ya san da tabon a cikin mazaunan tabarmar. Madam ba ta kalla ba. In ta yi shiru, ba wanda zai ce ta yi ƙarya, don kowa ya riga ya yarda ba ta tunawa. Amma ranar ce kaɗai ta dawo mata daga daminar nan gaba ɗaya, kuma ta ga in ta rufe bakinta yanzu, ita da kanta ta mayar da ita cikin ruwa.

"Baffa," ta ce da dattijon, "a duba ƙasan ƙirjinta."

Ta faɗi abin da ta gani. Abdulshakur ya ce mata da Fulatanci ta yi shiru, sannan ya ce wa dattijon da Hausa, don Masta ya ji, ai maganar marar lafiya ce.

"Ɗazu da hantsi maganarta kake nema," in ji dattijon. "Ina ɗaya gefen bukkar ina ɗaure akuya, na ji ka."

Suka tashi suka je gindin ɗorawa. Dattijon ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa, ya sa hannu ya shafa, ya miƙe. Abdulshakur ya ce wa ya sani ko wadda ta mutu ma tana da irinsa. Ya faɗa ne ba ƙarfi, kuma bai jira amsa ba, ya juya ya nufi garke.

Masta ya tsaya yana juya hularsa a hannu. Ya ce wa Kadijatu ta yafe masa abin da ya faɗa, bai sani ba. Ya ce da bai riga ya yi wa mai saye alkawari da ita ba, da an duba. Madam ta dube shi, ya dubi hadari.

Masu motar suka zo da igiya. Karsanar ta kafe ƙafafu huɗu a ƙasa, aka ja, aka tura, aka murɗa wutsiya, ba ta motsa ba. Kadijatu ta ce su sake ta. Ta kwance igiyar, ta wuce gaba, ta yi ɗan sautin da take yi mata da harshe kowace safiya. Karsanar ta biyo ta.

Suka kama hanyar kwalta ta cikin gonakin masara, Kadijatu a gaba, karsana a bayanta, numfashinta mai ɗumi a gwiwar hannunta. Madam ta zo ta jera da ita. Hadarin yana nan inda yake. Kwaɗi sun fara kuka a fadama tun rana ba ta faɗi ba.

"Madam, ranar nan, wane zani na ɗaura?"

Suka yi tafiya mai ɗan tsawo. Suka wuce wata rijiya, suka wuce wasu mata masu tsintar kaɗanya.

"Shuɗi, mai zanen kifi. Kin ɗaura shi a bai-bai."

"Na yi magana?"

Wannan ma sai da aka jira. Madam ta ce ta yi, da yawa. Ta ce mata ta gyara riƙon laima, ruwa yana shiga idon saniya. Ta tambaye ta ko ta ci abinci. Da aka gama ta ba ta nono a ƙwarya, ta raka ta har titi, ta tsayar mata da yelo-yelo, ta ce wa direban ya kai ta gida kada ya sauke ta ko'ina. Kadijatu tana saurare kamar labarin wata mata da za ta so ta sani. Ta san kafin gobe rabinsa zai zube. Ta ce wa Madam ta sake faɗin na laimar.

A bakin kwalta an jingina katako a bayan mota. Kadijatu ta hau ta tsaya a sama ta kira, karsanar ta taka katakon a hankali ta shiga cikin sauran. Ta shafa wuyanta, ta sauko. Aka rufe ƙofa.

Masta da Madam suka shiga gaba kusa da direba. Motar ta tashi ta nufi gari. Kadijatu ta tsaya har ta daina jin ƙararta, sannan ta gyara mayafi ta ɗaga wa wani yelo-yelo hannu. Ta ce Moshi Zongo. Tana so ta iske Afra ta gaya mata da bakinta, yau, tun abin yana nan a jere.